Mutuwar Kawu ta Ƙarshe

Da na buga waya Kano don in sanar da rasuwar Kawu, ƙanena ne ya ɗauka. Na ce masa sai haƙuri, Allah ya yi wa Kawu rasuwa da safen nan. Sai ya ce, "A wane fim?"

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya fi ganin mutuwar Kawu a kan ganin Kawun kansa. Mun ga an harbe shi, mun ga an soke shi, mun ga an turo shi daga saman bene, akwai ma wanda kada ya ja shi cikin ruwa da hularsa a kai. Sai da na ce daga asibiti nake magana, ga shi nan a gabana an rufe shi da mayafi, sannan na ji ƙanena ya kama salati. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Wannan karon babu wanda zai ɗaga hannu ya ce a tsaya a sake ɗauka.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ne autan ɗakinsu. Ya yi mafi yawan rayuwarsa a Amurka, ya zama ɗan ƙasa a can, kuma sana'arsa fitowa a fina-finai da wasannin talabijin. Ni kuwa a Madina nake aiki, ina haɗa magunguna a wani asibiti, muna zaune a unguwar Aziziyya da maigidana da yara da Umma, wadda na ɗauko tun bayan rasuwar mahaifinmu. A hannuna Kawu ya cika, a garin da ya daɗe yana roƙon Allah ya ɗauki ransa.

Kafin la'asar falonmu na mata ya cika. Matan likitoci da na malaman jami'a 'yan gida Najeriya sun zo da kulolin abinci, kowacce na cewa ba ta san yana jin jiki haka ba. Maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan mai kuka da sauƙi, tun daga matakala muka jiyo ta. A ɓangaren maza, maigidana ya ce wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ɗan Chadi, wanda suke sahu ɗaya da Kawu a masallacin unguwa, ya zauna ya rufe fuska da rawaninsa ya ƙi shan ko ruwa. 'Yata, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, ranar sai ga shi tana ta maimaita "Kawu ya tafi" da Hausa tsantsa.

Mutum ɗaya ce idonta a bushe, ita ce Umma. Tana zaune a kan dardumarta da carbi, tana amsa gaisuwa tsaf, tana lura da wadda ba a zuba wa gahawa ba. Maƙwabciyarmu ta share hawaye ta ce mata, "Albaraka fikum, ya Hajja. Wallahi mutumin kirki. Shugul ɗinsa, aikinsa nake nufi, mene ne ma a can Amurka?"

Umma ta ce, "Injiniya ne."

Na ajiye butar gahawar da ke hannuna na ce, "Ɗan wasan fim ne."

Umma ta dube ni irin duban da tun ina yarinya yake sa ni neman wurin ɓuya, ni kuma na tsaya ban sunkuyar da kai ba. Ban taɓa musa mata magana a gaban mutane ba sai ranar. Amma na riga na ƙudura a raina cewa ba za a binne mutumin nan sau biyu ba, ɗaya a ƙasa ɗaya a bakinmu. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan.

Gaskiyar Umma ɗaya ce: karatun injiniya aka tura shi. Ya fara, bai gama ba. Ya koma tuƙa tasi, har wata rana ya ɗauki wata mata mai nemo wa masu fim fuskoki. Ta dubi tsawonsa da 'yan zanen da ke kumatunsa ta madubi, ta ce ya zo gobe. Aikinsa na farko shi ne ya tsaya a bayan wani sarkin ƙarya riƙe da laima, kada ya yi magana, kada ya motsa. Yakan ce, "Na yi shi da kyau har suka gane ina da baiwar tsayuwa."

Daga nan a fim ya yi mai gadi, ya yi direba, ya yi soja, ya yi jakadan ƙasar da babu ita a taswira, ya yi ɗan fashin teku alhali ko iyo bai iya ba. Bai taɓa zama jarumin fim ba. Sunansa can ƙasa yake zuwa, lokacin da 'yan kallo suka miƙe suna neman ƙofa, kuma sau da yawa a karkace aka rubuta shi. Mafi daɗewar aikinsa wani wasan talabijin ne na asibiti, inda ya fito a tsohon da ke tura gadon marasa lafiya. Ya ce a lokacin har a kasuwa tsofaffin mata ke tsayar da shi su ba shi labarin ciwon gwiwarsu. A ƙarshe su ma masu wasan suka kashe shi, ciwon zuciya suka rubuta masa, wanda kuwa shi ne ya zo ya ɗauke shi da gaske.

Mutuwa ita ce gwanintarsa, kuma bai ɗauke ta abin raini ba. Yakan koya wa yarana yadda ake faɗuwa: gwiwa tukuna, sai kwatangwalo, sai kafaɗa, kai shi ne ƙarshe. Yakan ce gawar kirki ba ta ƙifta ido ko da ƙuda ya sauka a hancinta, kuma yawancin manyan jarumai ba su iya mutuwa ba, suna yinta ne kamar masu neman a lallashe su. Ni yana kirana Mai Magani. Hausarsa ta tsaya tun ranar da ya bar Kano, har yanzu sule da kwabo yake cewa, yana kiran mota da sunayen da ko Umma ta manta. Yana raina ɗan finjalin gahawar mutanen nan, wai wannan ai na ɗiga wa ido magani ne, sai na zuba masa a babban kofi.

Ranar da ya fara sauka a filin jirgin Madina, na roƙa a tarbe shi da keken marasa lafiya saboda na san halin zuciyarsa. Muna tsaye muna jira sai ga shi ya fito yana tura keken da kansa, wata tsohuwa 'yar Maraɗi zaune a kai ta rungume ƙullin kayanta. Ashe ganinta ya yi tana bin bango, ya sauka ya ɗora ta. Ya ce mini, "Aikina ne, shekara nawa ina yinsa a talabijin." Har motarsu ya kai ta, yana haki, yana tambayarta ko an yi damina a can.

Ba ziyara kaɗai ta kawo shi Madina ba. Yayarsa ta kawo shi, don akwai magana tsakaninsu tun ina cikin zanen goyo.

A zamanin bidiyo mai kaset ne. Wasu samarin unguwarmu a Kano suka yo hayar wani fim na Amurka, sai ga Kawu a ciki da kakin soja. Murna ta kama su. Suka ɗauko talabijin da bidiyon a ka, suka kawo har tsakar gidan Kaka don ta ga ɗanta da ta yi shekaru ba ta gani ba. Kaka ba ta taɓa kallon fim ba. Ta ga Auta ya yi ƙiba, tana ta sa albarka, tana yi masa magana tana jin haushin bai amsa ba. Can sai aka harbe shi a ƙirji. Jini ya ɓata kakin, ya faɗi, idonsa a buɗe. Kaka ta miƙe tsaye ta faɗi ita ma.

Samarin suka ruɗe. Da aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, sai dabara ta zo wa ɗayansu: ya mayar da kaset ɗin baya don ta ga Auta na nan da ransa. Ta gan shi kuwa, yana tafiya yana dariya. Kafin wani ya tuna ya kashe bidiyon, aka sake harbe shi a gabanta.

Labari ya riga kowa fita. Kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa an kashe Auta a Amurka. Umma tana jegona a gidan mijinta, aka aiko mata da haka, ta fito da gudu ba takalmi. Masu cewa wasa ne suna faɗa, Kaka kuwa da bakinta da ya karkace tana cewa da idonta ta gani, har sau biyu. Mata suka shimfiɗa tabarmi, aka yi ta shigowa gaisuwa, Umma ta yi kukan da ta ce ba ta ƙara yin irinsa ba. Sai da aka sha wahala aka samu Kawu ta wayar gidan wani attajiri, aka ɗauki Kaka a kujera aka kai ta. Umma ce ta riƙe mata kan wayar, don ɓarin jikin Kaka ya riga ya shanye. Kaka ta saurari muryarsa ta daɗe, sannan ta ce, "Auta, in za ka ƙara mutuwa, ka gaya mini tukuna."

Ba ta sake tashi ba. Ta rasu kafin damina ta zagayo, shi kuma takardunsa na zama ba su kammala ba, in ya fito ba shi da hanyar komawa, bai zo ba. Tun daga ranar Umma ta daina ce masa Auta. Ba'amurke take cewa. Ta haramta wa kanta kallon duk abin da yake ciki. Mu yara a ɓoye muke kallo a gidajen maƙwabta, da ƙaramar murya, muna jiran wurin da za a kashe shi.

A shekarunsa na ƙarshe yakan zo ya yi iya kwanakin da bizarsa ta ba shi, ya koma, ya sake dawowa. Umma ba ta taɓa gaza masa a hidima ba. Ita ke dama masa kunu, ita ke hana a sa gishiri a miyarsa, ita ke faɗa in ya fita rana ba lema. Abu ɗaya ta hana shi. Duk ranar da zai koma sai ya durƙusa a gabanta, da tsufansa da furfurarsa, ya ce, "Yaya, ki yafe mini." Ita kuma ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wanda bai san Hausa ba zai ce an gama. Mu mun san akwai kalma biyu da ake fara faɗa kafin wannan addu'ar, kuma Umma tsallake su take yi. Kawu yakan miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce mini, "Kin ji, Mai Magani? Ta sake miƙa ni sama."

Shi ma dai ba ya taimakon kansa. Wata rana muna cin abincin rana yara suka dame shi ya nuna musu mutuwar guba. Ya kama maƙogwaro, ya zazzare ido, ya sulale daga kan kujera. Umma ta shigo daga kicin ta tarar da shi a ƙasa, kwanon da ke hannunta ya suɓuce. Sai ya buɗe ido ɗaya yana murmushi. Ta ce, "Uwarmu ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da ni?" Ta shige ɗaki. Ya yi sati yana bin ƙofarta da sallama tana amsawa daga ciki. Ban taɓa ganin ya ji kunya irin ta ranar ba, kuma bai ƙara mutuwa a gidana ba sai ta gaskiyar.

A cikin satin ne maigidana ya ce mu fitar da shi ya sha iska, muka tafi Khaibar lokacin nunar dabino. Umma ta ce ba ta zuwa. Muna zaune a inuwa a gonar wani abokin maigidana, Kawu na ɓare ɗanyen dabino yana tsotsa duk da na hana shi zaƙi, sai ya ce, "Mai Magani, duk kallon da kuka yi mini kuna yara, kun taɓa jin abin da nake faɗa in zan mutu?"

Na ce da ƙaramar murya muke kallo, kada Umma ta ji labari.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce masu fim ɗin can, in suka sa baƙar fata irinsa a wasa, sau da yawa sai su ce ya faɗi wani abu da yarensu kafin ya cika, ko mene ne, su za su rubuta fassarar da suke so a ƙasa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa wane yare ne. Shi kuwa tun ranar da Kaka ta yi masa magana a waya ya ɗauki abin a matsayin umarni. Duk mutuwar da zai yi sai ya sanar tukuna. Na ciro wayata muka nemo ɗaya. Ga shi kwance cikin jini, a ƙasa an rubuta da Turanci wai yana tsine wa maƙiyansa har jikokinsu. Na ƙara murya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Inna, wasa ne. Ina nan da raina."

Na ajiye wayar na dube shi.

Ya ce bayan rasuwar Kaka ya yi niyyar bari, sai ya tuna akwai wadda ta fito ba takalmi. Sai ya sauya suna kawai. In an ba shi rawar Ba'amurke wanda ba ya jin wani yare, sai ya cusa maganar cikin numfashin ƙarshe, a ɗauka gurnanin fitar rai ne. Sau ɗaya wani mai ba da umarni ya gane yana faɗin abin da ba a rubuta ba, ya ce ya mutu shiru. Kawu ya ce shi ba ya mutuwa shiru. Aka yi ta ja, mutumin ya ce akwai mutum ɗari a waje da za su mutu yadda aka ce musu. Kawu ya cire rigar jinin ya miƙa masa, ya ce a kira ɗaya daga ciki. Ya yi watanni ba aiki a kan wannan, ya koma tasinsa.

Na ce, "Kawu, me ya hana ka gaya mata?"

Ya ce, "Na fara sau biyu. Da ta ji kalmar fim take tashi. Kuma in na faɗa da bakina ya zama roƙo da hujja, ni kuwa ba ni da hujja. Na kashe mata uwa, Mai Magani, ko ban yi niyya ba."

Daga ranar muka kama aiki ni da shi. Shi yana tuno fim ɗin, ni ina nemowa, ina yanko wurin mutuwar ina haɗawa a wayata. Wasu sun ɓace, wasu an yanke maganar. Abin da muka samu ya isa. Na gwada kai wa Umma yana raye, tana ganin fuskarsa a waya ta ture hannuna ta ce in ba so nake ta bar mini gidana ba in kawar da abin nan. Na kawar. Na yi tsammanin akwai lokaci.

Ranar da ya faɗi da gaske, a falo ne bayan ya dawo daga sallar azahar. Bai bi ƙa'idarsa ba, kai ne ya fara bugun ƙasa. Umma tana zaune ta ce, "Tashi, Ba'amurke, ba na son shashanci." Ni na ga launin leɓensa na kira motar asibiti. Ta bi mu, ta zauna a gefen gadonsa tana jan carbi, ta gyara masa matashi ya fi a ƙirga. Ya ce, "Yaya, ki yafe mini." Na zuba mata ido. Bakinta ya motsa, na rantse ya motsa, sannan ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Washegari da safe ta ce abincin mustashfa, wato asibiti, ba abinci ba ne, bari ta je gida ta damo masa kunu. Kafin ta dawo ya tafi.

An yi masa salla a Harami, aka kai shi Baƙi'a. Mu mata ba ma shiga, maigidana ne ya dawo ya ce an sa shi, kuma ko shi da ya sauka cikin ramin ba zai iya nuna wurin gobe ba, don kaburburan nan ba a rubuta musu suna. Kawu ya san haka, yana ma son haka. Duk sanda muka wuce ta gefen katangar yakan leƙa ya ce, "Kin ga nan babu jarumi babu ɗan rakiya." Shi ya yarda ƙasa ta manta da sunansa. Ni ban yarda gidansu ya manta da ko wane ne shi ba, kuma ban yarda Umma ta bi shi da kalma biyun nan a maƙale a wuyanta ba.

Bayan na ƙaryata ta a gaban mutane ba ta yi mini magana ba sai ta dole. A ranar ƙarshe ta zaman makoki, da hantsi kafin baƙi su fara zuwa, na same ta a falo ita kaɗai tana jera dabino a faranti. Na zauna a gabanta na ajiye wayar a kife a kan darduma.

Ta ce, "Na gaya miki ba na kallo."

Na ce, "Ba kallo za ki yi ba, Umma. Ga ta nan a kife. Ji kawai za ki yi, in kin gama ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama."

"Khalas, ɗauke abin nan."

"Ba zan ɗauke ba."

Ta yunƙura za ta tashi, gwiwarta ta ƙi ba ta haɗin kai da wuri, ni kuma na danna. Aka ji ƙarar bindiga, sannan muryar saurayi, siririya, irin wadda ni ban taɓa sani da ita ba: "Inna, wasa ne. Ina nan da raina."

Umma ta tsaya a rabin tashi, hannunta ɗaya a ƙasa.

Na biyu ma Inna ya kira. A na uku muryar ta ce, "Yaya, wasa ne, kada ki fito." Ta koma ta zauna. Suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, ana jin ihu da Turanci da ƙarar motoci da kiɗan tashin hankali, a tsakiyarsu kuma ga Hausar Kano tsohuwa. "Yaya, jan ruwa ne suka shafa mini." "Yaya, wasa ne, yanzu zan tashi in ci abinci." "Yaya, ki sa takalminki, ba abin da ya same ni." Muryar tana ƙara kauri, tana dishewa, har ta zama ta tsohon da muka sani, wanda yake furta maganar da ƙyar a kan gadon asibitin ƙarya. Shekara da shekaru yana yi mata magana ta inda ya san ba ta saurare, bai kuma fasa ba.

Sautin ya ƙare. Dabino ɗaya na hannunta tun ɗazu, ta matse shi har ya fashe. Ta daɗe tana kallon bayan wayar, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kina wurin da ya cika?"

"Ina wurin, Umma."

"Ya yi magana?"

"Ya yi kalmar shahada. Sau biyu ya yi ta, da bakinsa."

Ta gyaɗa kai. "Bayan ita fa?"

"Babu komai."

"Bai ce wasa ne ba?"

Na ce, "Bai ce ba, Umma."

Sai ta ajiye dabinon a hankali a gefen faranti, ta ce, "To Auta ya mutu ke nan."

Kukan da ta hana kanta tun ina jaririya ranar ya zo. Ban hana ta ba, ban ce ta yi haƙuri ba, na riƙe ta kawai ina jin ƙasusuwan bayanta. A cikin kukan take faɗa, da ƙarfi kamar mai magana da wanda ke ɗaya ɗakin, "Na yafe, Auta. Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini." Na yi farin ciki, na kuma ji zafin da ban san inda zan sa shi ba, don kunnen da ya yi shekaru yana jiran kalma biyun nan yana ƙarƙashin ƙasar Baƙi'a.

Da yamma mata suka taru. Wata baƙuwa da ba ta zo kwanakin farko ba ta yi gaisuwa, ta tambayi abin da marigayin yake yi. Na buɗe baki, Umma ta ɗaga mini hannu. Idonta a kumbure ta ce, "Ɗan wasa ne. Ƙanena ne, autanmu."

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka a garin Manzonka, ba kaki ba jan ruwa. Ka yafe masa yadda yayarsa ta yafe, ka haɗa shi da uwar da ya yi wa biyayya har bayan ranta, ka sanyaya masa makwancin da mu ba mu san inda yake ba. Wayar tana wurin Umma yanzu. Har yau a kife take ajiye ta, ba ta yarda ta kalla ba, amma ta sa na koya mata inda ake dannawa.